Garalo: Garin Da Ya So Kunna Wuta Da Man Bini Da Zugu

Garalo gari ne a kudancin Mali, cikin yankin Buguni, ƙasar auduga da masara. A 2007 aka kafa masa janareta uku, kowanne mai ƙarfin kilowat 100, waɗanda aka shirya su yadda za su sha man gas ko zallan man bini da zugu. Ƙungiyar Mali Folkecenter ce ta ja ragamar aikin, da tallafin AMADER, hukumar da ke kai wuta karkara a ƙasar, da wasu gidauniyoyi na ƙasar Holan. Kamfanin ACCESS aka damƙa wa injinan da karɓar kuɗin wuta, manoma kuma suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa wadda za ta riƙa tara iri. An sa ran dasa hekta 1,000. A shekarun farko iyalai sama da 300 suka dasa abin da ya kai hekta 600.

Tunanin ba na wofi ba ne. Mali ba ta da bakin teku, duk litar man da za ta ƙona sai an ɗauko ta a tanka daga tashoshin ruwa irin su Dakar da Abijan. Auduga, wadda ita ce kuɗin manomin kudu, ta shiga wani hali: ƙasar da ta noma tan kusan 600,000 a kakar 2003/2004 ta dawo wajen tan 200,000 a 2008/2009. Gangar ɗanyen mai kuwa ta kai dala 147 a watan Yulin 2008. Ga kuma itacen nan tsaye a kowane shinge, Bambara suna kiransa bagani, mata sun daɗe suna sabulu da 'ya'yansa. Duniya ma a lokacin ta ɗauki zafi a kansa. Tun 2003 Indiya ta tsara dasa sama da hekta miliyan 11, sojojin da ke mulkin Myanmar suka ba da umarnin dasa eka miliyan 8 a ƙarshen 2005, jirgin Air New Zealand kuma ya tashi a Disamban 2008 da injinsa ɗaya yana shan mai wanda rabinsa daga wannan itace aka samo.

Wuta ta kama a Garalo, gidaje da shaguna suka samu haske. Amma irin da ya riƙa isowa wurin matsa bai kai ko kusa da abin da injinan ke buƙata ba, don haka shekara da shekaru gas ɗin da aka so a rabu da shi ne ke juya su. Wayoyi lafiya, injina lafiya. Matsalar tana jikin itacen, da kuma yadda aka fahimce shi.

Itacen kansa

Sunansa na kimiyya Jatropha curcas, dangi ɗaya ne da rogo da zurma. Asalinsa ƙasar Meziko da Amurka ta Tsakiya, Turawan Fotugal ne suka yaɗa shi zuwa Afirka da Asiya ta tsibiran Kef Bad, inda aka daɗe ana fitar da irinsa zuwa Lisbon da Marsai don masana'antun sabulu. Kada a haɗa shi da jan bini da zugu, mai jan ganye da gashi mai danƙo. Wancan wani jinsi ne daban, 'ya'yansa ƙanana.

Tsayinsa mita 3 zuwa 5. Jikinsa taushi ne cike da ruwa, in aka karya reshe sai wani ruwa mai yauƙi ya ɗigo, wanda ke bar wa tufa tabon da ba ya fita. Da rani ya kama sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, yana rayuwa da ruwan da ya ajiye a jikinsa. Wannan ne ya ruɗi mutane. An ga itace a tsandauri, a kan marmara, ya yi wata shida ba ɗigon ruwa bai mutu ba, sai aka ce ai ga amfanin gonar da ba ya son ruwa, ba ya son taki. Gaskiya ne yana iya rayuwa da ruwan sama milimita 300 a shekara. Fure da 'ya'ya na kirki kuwa sai daga wajen 600 zuwa sama, kuma inda ya fi sakewa shi ne tsakanin 1,000 da 1,500, a ƙasa mai zurfi wadda ruwa ba ya kwanciya. In ruwa ya kwanta masa 'yan kwanaki saiwar ruɓewa take yi.

Furen shi ne wurin da ya kamata a tsaya a duba da kyau. Yana fitowa ne a kan tsinin sabon reshe kawai, cikin gungu, namiji da mace a gungu ɗaya. Macen tana zaune a tsakiyar inda gungun ya rabu, mazan sun kewaye ta, kuma mazan sun fi yawa nesa ba kusa ba: ana samun namiji 13 zuwa kusan 30 kafin a samu mace ɗaya. Ƙudan zuma da ƙudaje da tururuwa ke kai garin fure daga wannan zuwa wancan. Macen ce kaɗai ke zama ɗa, kuma in itacen ya ji ƙishi ko yunwa a lokacin fure, matan ne ke fara raguwa. Daga fure zuwa nunar ɗa kusan kwana 90 ne. Ɗan yana fara wa kore, ya koma rawaya, ya bushe ya yi baƙi, a cikinsa akwai ɗaki uku da ƙwaya uku baƙaƙe, kowace tsawonta kusan santimita 2. Kilo ɗaya yana ɗaukar ƙwaya wajen 1,400. Mai a cikin ƙwayar kashi 27 zuwa 40 ne cikin ɗari.

Daga wannan bayani abu biyu suka fito, kuma su ne suka kayar da gonakin. Na farko, itacen da ba shi da rassa da yawa ba shi da 'ya'ya da yawa, komai tsayinsa. Na biyu, ba ya nuna lokaci ɗaya. A reshe guda za ka ga fure, ga kore, ga rawaya, ga baƙin da ya tsage ya zubar da ƙwayarsa ƙasa.

Inda gona ta fara kuskurewa

Ana samun itacen ta hanya biyu, kuma ba itace iri ɗaya suke bayarwa ba. Wanda ya tsiro daga ƙwaya yana sako saiwa biyar: babba ɗaya mai nutsawa ƙasa, huɗu a gefe. Wanda aka dasa daga reshe ba ya yin babbar saiwar sam. Yana saurin kamawa, yana saurin 'ya'ya, amma fari na saurin karya shi, iska na tumɓuke shi, kuma bai kai na ƙwaya tsawon rai ba. Reshe na shinge ne, ƙwaya ta gona.

Ƙa'idar reno ba ta da wuya. A ɗauki irin bana, don ƙwaya mai mai tana saurin mutuwa a ajiya cikin zafi. A jiƙa ta kwana ɗaya, a shuka a leda zurfin santimita 2 zuwa 3, tana tsirowa cikin kwana 7 zuwa 10. Bayan wata biyu, in ya yi yawa uku, a kai gona da farkon damina, a rami mai faɗi da zurfin santimita 30 zuwa 45 wanda aka cakuɗa ƙasarsa da ruɓaɓɓen taki. In dashe ya wuce wata uku a gajeriyar leda, babbar saiwar tana murɗewa a gindin ledar, kuma haka za ta zauna har abada: an yi wahalar reno an ƙare da itace mai halin na reshe. Tazarar mita 2 da 2 tana ba da itace 2,500 a hekta, amma a shekara ta uku sun haɗe sun rufe wa juna rana. Mita 3 da 3 tana ba da 1,111. Mai son ya ci gaba da gyaɗa ko wake a tsakani sai ya bar mita 5 tsakanin layi, mita 2 tsakanin itace, 1,000 ke nan.

Sai datsa, wadda ita ce aikin da aka fi tsallakewa. Idan dashe ya kai tsayin gwiwa zuwa cinya, a datse kansa a bar santimita 30 zuwa 45 don ya tsago rassa. Da rani mai zuwa, lokacin da ganye ya zube, a rage kowane reshe da kashi biyu cikin uku. Abin da ake nema shi ne rassa kamar 25 a ƙarshen shekara ta biyu, kuma kada itacen ya wuce mita 2, inda hannu zai kai. Datsa da damina tana jawo ruɓa ta bakin yankan. Manomi da ya saba da hatsi yana jin nauyin sare abin da ya ga yana girma lafiya, shi ya sa gonaki da yawa suka cika da dogayen sanduna masu reshe biyu ko uku, da ɗan gungun 'ya'ya can a sama.

An kuma yi ta faɗin cewa tunda guba gare shi, ƙwari ba sa taɓa shi. Akuya da saniya ne ba sa ci. Gara tana ci, kuma ita ce babban kukan manoman Mali: tana shiga ta saiwa da gindi da rani, ta ƙwaƙule cikin, sai a ga itace tsaye da safe, a taɓa shi ya faɗi. Ta fi kama dashen da ya riga ya galabaita da wanda aka zuba wa ɗanyen taki ko kara a gindi. Akwai wani ƙwaro mai sheƙi, kore da shuɗi, da ke soka baki cikin ɗanyen ɗa ya tsotse, ƙwayar ta fito holoƙo. Akwai tsutsa mai naɗe ganye da fure da saƙa. Ga ciyawa, wadda in ba a nome ba a shekara biyun farko take danne shi, da rani kuma ta zama makamashin gobarar daji.

A kan wannan duka sai a ƙara cewa itacen daji ne, ba a taɓa zama an tace irinsa kamar masara ko auduga ba. Irin da aka raba wa manoma daga shingaye aka tsinto. Itace biyu maƙwabta, shekarunsu ɗaya, wannan ya cika kwano, wancan ko tafin hannu bai cika ba.

To daga ina alƙaluman da aka gina aikin a kansu suka fito? Rubuce-rubucen wancan lokaci suna kawo komai, daga tan 0.4 har tan 12 a hekta. Manyan alƙaluman yawanci daga tsohon itace ɗaya aka auno, sannan aka ninka da 2,500. Tsohon itacen bayan gida kuwa yana shan ruwan wanke-wanke, yana cin toka da kashin awaki, rana na dukansa ta kowane gefe. Ɗan'uwansa na gona an kai shi fegin da ya gaji, don ba manomin da zai ba shi gonar masararsa, kuma yana da gaskiya. Ko an yi masa komai daidai, sai ya shekara 4 zuwa 5 kafin ya kai ƙarfinsa. Binciken da hukumar GTZ ta Jamus ta sa aka yi a Kenya a 2009 ya tarar da abu ɗaya a can: gonar bini da zugu zalla asara ce ga ƙaramin manomi, shinge ne kawai ke biyan kansa.

Lissafin da bai tashi ba

A ɗauki misali. Janareta yana shan kusan sulusin lita kan kowane kilowat na awa ɗaya. In ana jan kilowat 100 na tsawon awa 6, dare ɗaya ya ci lita 200. Injin matsa yana buƙatar iri kilo 4, wani lokaci 5, kafin ya ba da lita ɗaya. Ke nan kilo 800 zuwa 1,000 kowane dare, tan 292 zuwa 365 a shekara. Da hekta tana ba da tan 2, hekta 185 ta isa har da saura. In kilo 300 take bayarwa, ko hekta 1,000 da ƙyar.

Kuma abin da itace ya haifa daban, abin da ya iso ma'auni daban. Farashin da aka fi sayen iri a Mali a lokacin sefa 50 ne kilo. Mai saye ba rowa yake yi ba, gas ne ya ɗaure masa hannu: kilo 4 sefa 200 ke nan, kafin kuɗin ɗauko shi daga ƙauyuka, da matsa, da tacewa, da gyaran inji, alhali dole litar ta tsaya ƙasa da ta gas, wadda a lokacin take ɗan sama da sefa 500. Da farashin ɗanyen mai ya rikito ƙasa da dala 40 a ƙarshen 2008, sai ƙofar ƙarin kuɗi ta ƙara rufewa.

Ta ɓangaren manomi kuwa, 'ya'yan suna nuna ne daga tsakiyar damina zuwa kaka, daidai lokacin da kowane hannu a gida yake gonar masara da dawa da auduga. Tunda ba tare suke nuna ba, sai an riƙa zagayawa mako-mako ana tsinkar rawaya da baƙi ɗaya-ɗaya. A kawo gida a shanya, a ɓare da hannu ko a murje da dutse, a sheƙe, kuma ɓawon shi kaɗai ya kwashe fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyin busasshen ɗa. Wanda ya yi wannan duka ya tara kilo 10, sefa 500 zai karɓa. Da yawa sun bar 'ya'yan sun zube, wasu suka bar wa mata da yara su tsinta in sun samu sarari. Ba lalaci ba ne, lissafi ne, kuma nasu ya fi na masu aikin daidai.

Daga ƙwaya zuwa inji

Ko irin ya samu, man yana da nasa sharuɗɗa. A tsinki ɗa yana rawaya, lokacin ne mai ya cika. Kore mansa kaɗan ne, wanda ya kwana a ƙasa cikin laima kuma ya yi fumfuna, mansa tsami gare shi. A busar da ƙwaya har ruwan jikinta ya sauko kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari, a tsince tsakuwa da yashi, don su ke cinye ƙarfen injin matsa. Ana matsawa da ɓawon ƙwayar a jiki, shi ke ba injin abin kamawa. In an ƙure matsi, zafi ya yi yawa, ana samun ƙarin mai amma tare da danƙo da ke toshe matata.

Man da ya fito baƙi-baƙi ne da gari a ciki. A bar shi a ganga kwana 4 zuwa 7 ya kwanta, a tsiyaye na sama, a tace da ƙyalle, sannan a bi da shi ta matata mai ramuka ƙanana na maikuron 5 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). A ajiye a rufaffiyar ganga cike, a inuwa.

Kaurinsa ya ninka na gas kamar sau goma, kuma daga nan duk ciwon inji ke tasowa. Mai mai kauri ba ya feshi da kyau daga nozul, ba ya ƙonewa duka, sai gawayi ya taru a bakin nozul da zoben fistin. Wanda bai ƙone ba yana gangarawa cikin baƙin mai, ya haɗu da shi ya yi kauri kamar kunu, in ba a lura ba inji ya buga. Maganin shi ne tanki biyu: a tayar da gas, in inji ya yi zafi a juya zuwa man da aka ɗumama da ruwan lagireto zuwa wajen digiri 70, kafin a kashe kuma a koma gas na 'yan mintoci don a wanke layi. A riƙa canza baƙin mai da wuri, kamar rabin lokacin da aka saba, kuma kada a bar inji yana ta juyi ba kaya a kansa. Tsofaffin injinan nan masu tafiyar hawainiya, irin Lister na niƙa, sun fi sababbi haƙuri da shi.

Tunkuzar da ta rage ita ce kashi uku cikin huɗu na abin da aka zuba. Taki ce mai kyau, sinadarin naitirojin ɗinta ya kai kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari, kusa da kashin kaji. Amma ba a ba dabba. Da ta gyaɗa ce ko ta waken suya, kuɗinta kaɗai ya isa ya ɗauki rabin nauyin sana'ar. Wannan giɓi yana cikin abin da ya hana lissafin tashi.

Abin da ya tsaya da ƙafarsa

Tun kafin Garalo, wani aikin GTZ da ya gudana a Mali daga 1987 zuwa 1997 ya ƙiyasta shingen bini da zugu na ƙasar da kilomita 10,000, kowace mita tana iya ba da kusan giram 800 na iri a shekara. A shinge, iri kyauta ne, don aikin itacen na asali shi ne hana dabba shiga, tsare iyakar gona, rage gudun ruwa da iska. Ba ya cin fili, ba ya neman noma na daban.

Kuma irin da aka tsinta ya fi daraja a sabulu fiye da a tankin janareta, abin da masu binciken da suka bi ayyukan Mali daga baya suka tarar ke nan. Lita ɗaya ta tataccen mai tana ɗaukar soda mai kyau giram 125 zuwa 130 da ruwa kamar sulusin lita zuwa rabi. Sodar ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa kan soda ba, a roba, ban da tukunyar dalma don soda na cin ta. In ruwan sodar ya huce a tsiyaya shi cikin mai a hankali ana juyawa gefe ɗaya har ya yi kauri, a zuba a mazubi, a yanka washegari, a bar shi mako 3 zuwa 4 kafin a taɓa jiki da shi. In soda ta yi yawa sabulun yana farfashewa yana cin hannu, in ta yi kaɗan ya ƙi daskarewa ya yi ƙarni. Wannan farin sabulu ya fi baƙin da ake yi da dakakken iri da ruwan toka kuɗi a kasuwa.

Gubar tana buƙatar a faɗe ta ƙarara, don shinge a bakin gida yake. Ƙwayar tana da daɗin baki kamar gyaɗa, yara suna ci. 'Yan ƙwayoyi kaɗan sun isa su kawo amai da zawo mai tsanani cikin rabin awa zuwa 'yan awoyi, kuma haɗarin yana ga ƙarewar ruwan jiki. A fara ba yaro ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti tare da samfurin abin da ya ci. Suya tana kashe ɗaya daga cikin gubobin, mai suna kursin, amma ba ta taɓa babbar, wato fobol, wadda ke cikin man. A jihar Berakurus ta Meziko akwai nau'in da ba shi da wannan guba, mutanen Totonak suna soya shi su ci. Namu na Afirka ba shi ba ne. Masu matsa mai su ma su kiyaye shi daga ido da doguwar taɓawa a fata, kuma injin da ya matsa shi kada a zuba masa gyaɗa ko riɗi.

Buguni tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, amma gonakin suka ba da abin da suka bayar. Kano ba ta kai haka ba, Maraɗi da Damagaram kuwa ko rabinsa da ƙyar. A irin waɗannan wurare shingen dai shi ne abin yi, kuma an san shi tun kaka da kakanni a bakin garka da maƙabarta. A sari rassa masu kaurin babban yatsa zuwa sama, waɗanda suka shekara, tsawon santimita 60 zuwa 100, a ajiye su a inuwa kwana biyu bakin yankan ya bushe. A kafa su zurfin santimita 20, wata ɗaya ko biyu kafin ruwan farko, tazarar santimita 15 zuwa 25 in awaki ake son tsarewa. Wanda aka kafa cikin tsakiyar damina yawanci ruɓewa yake yi kafin ya yi saiwa. Shekarar farko a tare giɓin da ƙaya, a cike gurbin waɗanda suka mutu da bazara mai zuwa, sannan a riƙa datse kan shingen a tsayin ƙirji duk rani don ya cika daga ƙasa.